Warin da Ya Haura Katanga

Kaji goma sha huɗu gare ni a Gwammaja,
da zakara ɗaya mai tsiya, mai cara tun kafin ladan.
Da kuɗin sallamata daga masaƙa na saye su,
na kafa musu akurki a lungun bayan ɗaki,
inda rana ba ta leƙawa sai za ta faɗi.

Rani bai tona mini asiri ba.
Sai da ruwan Agusta ya kwana uku yana zuba,
kwanon rufi ya soma ɗiga,
daɓe ya jiƙe ya koma kunu,
sannan wani abu ya tashi daga ƙarƙashin ƙafafunsu,
mai yaji, mai sa ido ƙwalla,
ya taka katanga ya haura babu sallama.

Ilu tela bai ce mini uffan ba.
Shekara ashirin inuwa ɗaya muke sha.
Na dai ga ya janye kekensa ya koma zaure,
Sabuwa ta daina shanya a igiyar jikin bango,
kullum la'asar hayaƙin turaren wuta
yana tasowa daga gidansu kamar mai kai ƙara sama.
Gaisuwa ta gajarce.
"Ina gajiya" ba ta ƙara kaiwa "ya iyali" ba.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma hancin mai ɗaki shi ne na ƙarshen sani.
Jikata Uwale ce ta fasa ƙwan,
ta toshe hanci da gefen hijabi:
"Kaka, gidanka yana cizo."

Na sayo ruwan ƙamshi na yayyafa.
Hoda ce a kan miki.
Kafin azahar ƙamshi da ɗoyi sun ƙulla ƙawance.

Iya Tabawa mai ƙwai ta leƙo, ta yi tsaki.
"Wari ɗan ruwa ne, Tanimu.
Kori uwar, ɗan zai bi ta."

Na hau tsani na toshe hujin kwano.
Na sa shebur na kankare daɓen
har sai da na tarar da busasshiyar ƙasa.
Na zuba yashi, na bi shi da garin katako,
buhu biyu, kyautar kafintan bakin titi,
na barbaɗa ɓarin gawayi a kusurwoyi.
Mashayarsu na ɗora kan bulo
don su daina wanke ƙafa a ciki.
Na fasa taga can sama, na sa mata raga,
iska ta shigo ta yi aikinta ba lada.
Toka kuwa na ware mata kasko a gefe,
su yi birgima, su kakkaɓe ƙuma.

Huɗu na sayar, har da mai wake-wake da nake so.
Ɗakin goma ba ya ɗaukar sha huɗu.

Yanzu da na dawo daga asuba
sai in kwashe abin da suka ajiye ƙarƙashin sandar kwana,
in juya shimfiɗar da manjagara,
in damƙi ɗan kaɗan a tafi.
In ya watse, lafiya.
In ya dunƙule, akwai magana.
Ranar Asabar Mati mai lambu ya zo da baro,
abin da ya kori maƙwabci
shi yake mayarwa latas da alayyafo.

Na aika wa Ilu ƙwai bakwai a ƙwarya, ban haɗa da saƙo ba.
Ƙwaryar ta dawo da labulen tamfol a naɗe,
an kalmashe bakinsa, an yi masa maratayi,
daidai faɗin ɓangaren da feshi ke bugu.
Yaushe ya auna? Ban sani ba.

Jiya da hantsi ina ba su dusa,
sai na ji ta bayan katanga,
kir-kir-kir,
keken ya dawo inuwa.